Abin da Tsoho Yake Binnewa a Dam Ɗina

"Yau kowa zai ga abin da kake binne mini!" na ce, na damƙi hannun tsohon nan mai gina tukwane. Sau uku ina ganinsa da sassafe, tsugune a jikin dam ɗin ƙasa mai tare ruwan ban-ruwa da na gada wurin mahaifina, yana cusa wani abu. Ga shi bana tumatirina ya ƙi yi. In ba sammu ba, mene ne?

Na tara jama'a, na ɗauko fartanya.

"Ɗana, kar ka tona wurin nan," ya ce a hankali.

"Kun ji ko? Ya tsorata!"

Na yi sara biyu. Babu laya, babu ƙaho, sai yumɓu. A na uku ruwa ya feso ya doke ni a ƙirji.

Tsohon ya tuɓe rigarsa ya cusa a ramin, ya bi da yumɓu. Jama'a suka taya shi da ƙasa, ni kuwa ina tsaye kamar gunki.

"Ramin gafiya ne," ya ce, da ruwan ya tsaya. "Kullum mahaifinka yakan zaga ya toshe irinsa. Tun da ya rasu ban ga mai yi ba."

Kunya ta sa na ce, "To me ya dame ka da dam ɗin da ba naka ba?"

"Ni gidana kan tudu yake." Ya nuna gangaren da haɓa.

Na duba. Can ƙasan dam ɗin, matata ce a tsakar gidanmu, tana yi wa jaririyarmu wanka.