Satifiket na Mamata

Tun da aka kafa dokar cewa likita ba zai duba mara lafiya ba sai an ba ciwonsa lamba, Rakiya take son koyon aikin. A makarantar asibiti, Malam Tanimu mai rajista ya ce mata satifiket biyu ne.

"Na masu rai, na'ura ta karɓe aikin. Waɗanda suka yi shi suna gida."

"Ɗayan fa, Malam?"

"Na mamata. Ba a binnewa sai da lamba, mutanenmu kuwa sun ƙi na'ura ta taɓa gawa."

"Ana samun aiki?"

Ya leƙa taga. Marasa lafiyar da na'urar ta kasa ba lamba suna kwance a gindin darbejiya, suna jira.

"Ba za ki zauna ba, 'yata."