Murfin Da Manomi Ya Ba Da Aro

Sallau, tun da ka zauna kake mita a kan injin ban-ruwan da maƙwabcinka ya zo aro, sai ka ce idonka ɗaya aka ce ka cire ka ba shi. Gyara zama in ba ka wani misali, in ya so ka je ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani manomin tumatir a bakin fadama da ya gaji tsohuwar akori-kura wurin mahaifinsa. Motar ta girmi duk 'ya'yansa, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina yin irinta, kayan gyaranta kuwa sai dai a labari. Amma ita ce ƙafarsa, ita ke kai kwanduna kasuwa, da ita ake ɗora tukunya a gidan. Wata rana wani baƙo ya yi masa sallama, ya ce shi ma yana da irin motar nan sak, don sha'awa yake ajiye da ita, ga shi murfin da ruwa ke bi ya shiga inji ya ruɓe, ya karaɗe 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa bai samu ba. Ya ce a birni akwai wata mata mai na'urar da ke haska abu ta kowane gefe ta ɗauki siffarsa, tsawo da faɗi da kauri. Wata na'urar kuma ta gina kwatankwacinsa da roba, sannan masu zubin tukwane su danna robar a yashi su zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Abin da ya rage kawai shi ne a sami lafiyayyen murfi a nuna wa na'urar. Aron nasa yake nema.

Bakaniken garin ya ce tsohon noti in an kwance shi ba lalle ya sake ɗauruwa ba. Matar manomin ta tuna masa jibi kasuwa. Shi dai ya dubi baƙon, ya ga yadda ya ƙura wa murfin ido kamar mai kallon ɗan da ya ɓata, sai ya ɗauko sufana ya kwance ya miƙa masa. Kasuwar makon nan ta wuce shi. Baƙo ya dawo da murfi lafiya, ya yi godiya ta fatar baki, ya kama gabansa, ko goro bai aiko ba. 'Yan majalisar hira kuwa suka sami abin yi, kowa ya ga manomin sai ya tambaye shi ko zai ba da aron tayoyi ma.

Shekaru suka shuɗe, har an manta. Ana tsakiyar kakar tumatir, a kan hanyar dawowa daga kasuwa, murfin nan ya fashe, tururi ya turnuƙe, rabinsa ya tarwatse a cikin ciyawa. Ka san tumatir ba ya jiran kowa. Kwanduna na jere a inuwa, gona ta yi ja wur, masu manyan motoci kuma duk dillalai sun riga sun kama su. Abincin shekarar gidan ne ke shirin zama ruwa a gabansa. Ya tsince gutsattsarin da ya samu, ya zuba a hula, ya shiga birni yana tambaya har aka nuna masa shagon matar nan mai na'ura. Ta juya su a tafin hannu, ta ce masa na'urarta ba ta duba irin na bokaye, abin da aka nuna mata shi take kwaikwaya, rabin murfi rabin murfi zai haifar. Ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa ta tambaye shi wace irin mota ce. Da ya faɗa, ta ce ya dakata, an taɓa kawo mata irin wannan sau ɗaya tak, kuma ita ba ta goge siffar abin da ta ɗauka. Ta buɗe kwamfuta, murfi ya bayyana cikakke yana juyawa a hankali. A gefensa ga wani ɗan tabo na kurfi, wanda mahaifinsa ya sara don ya riƙa gane ɓangaren da ke kallon gaba.

"Wannan ai hannun babana ne," in ji shi, ya zauna a ƙasa hawaye na zuba, bai ko ji kunya ba.

Aka gina na roba, masu zubi suka zuba, sabon murfi ya fito har da tabon. Tumatirin ƙasan kwanduna ya lalace, ba zan yi maka ƙarya ba, amma mafi yawa ya isa kasuwa, gidan ya ci tuwo a shekarar. Kwandon da ya fi kyau matar nan ya kai wa, yana ta sa mata albarka, yana gode wa Allah da bai sa ya ji maganar bakanike ba. Har baƙon da bai aiko da goro ba sai da ya sami addu'a, don da bai zo aro ba da babu inda za a samo siffar.

Ka gani, Sallau? Ranar da ya miƙa murfin nan, shi a ganinsa wani ya taimaka wa, ashe ajiya ya yi wa kansa a wurin da ko a mafarki bai san da shi ba. Tashi ka kai wa maƙwabcinka injin kafin albasarsa ta bushe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.