Maginiya da Kumbar Tafki

Na san za ki yi shakka, ƙanwata, amma tafki yana iya mutuwa alhali ruwansa garai-garai yake kamar hawaye. Ban yi karatuna na koyar har furfura ta cim mini don a wayi gari a ce na shara ƙarya ba, saboda haka ki saurara.

An yi wata maginiyar tukwane a ƙasar da aka taɓa haƙar kuza. Da ɓawon kumba take kankare cikin tukunya, kamar yadda mahaifiyarta ta koya mata, kuma daga tafkin garinsu take samowa. Takan ɗebo laka da rariya ta wanke, sai ga katantanwa da ƙananan jatan lande da tsutsotsi suna ta motsi, ta zaɓi ɓawon da take so ta mayar da sauran. Sannu a hankali jatan landen suka ɓace. Katantanwa ta bi su. Kumbar da ta saura ta sirance kamar ɓawon ƙwai, tana ruɓushewa a yatsu. Mutanen gari kuwa murna suke yi wai tafki ya washe, har ana hango ƙasansa. Ita kaɗai ke kewar ruwan nan mai duhu-duhu da ke cike da rai.

Sai ta ɗauki rariyarta ta bi rafin da ke shayar da tafkin, tana tacewa tana tafiya, ba ta ga ko tsutsa ba, har ta iso wani tsohon ramin haƙar kuza inda ruwa mai launin tsatsa ke tsattsafowa cikin rafin. Da ta wuce shi, inda ruwan tsatsar bai shiga rafin ba, ta sa rariya, sai ga kumba mai kauri irin ta zamanin mahaifiyarta. Ta zauna a bakin rafin ta daɗe riƙe da ita. Daga baya an toshe ramin, amma har kifin tafkin ya riga ya ƙare. Har yau duk ƙarshen damina tana zuwa tafkin ta tace laka, ko Allah zai sa ta ga katantanwa ɗaya ta dawo.

In kina tantama, Malama Tabawa da muka koyar tare tana raye. Ita ta auna ruwan da hannunta ta samu ya yi tsami, kuma ta tsaya a bakin ramin. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.