Barewar da Ta Tsufa a Kan Benci

Malam Barau, tunda ka ce ɗanka ya nemi aikin ɗan sanda, kuma har yanzu sai hantsi ya dubi ludayi yake tashi daga barci, gyara zama in ba ka wani misali. Ka san ni da tsokana, amma yau ba ita na zo yi ba.

An yi wani saurayi a wani gari, ɗan wani tsohon manomi. Lokacin yana firamare babu mai kamo shi a gudu, har barewa ake ce masa. To, sunan ya bi shi, gudun kuwa ya tsaya can firamare. Ya gama sakandare, ya samu gindin zama a bencin mai shayi, daga dara sai gardamar ƙwallo. Duk shekara zai ce baɗi zai nemi ɗan sanda, har shekarunsa suka zo gab da iyakar da ake ɗauka. Wannan karon in ya faɗi, an rufe ƙofa ke nan. Da farkon damina aka yi sanarwa, aka ce gwajin ƙarfin jiki sai bayan kaka. Uban ya ce masa, ko dai ka biyo ni gona jikinka ya saba, ko ka riƙa fita gudu bayan asuba. Ya yi dariya ya ce, "Baba, barewa ba ta koyon gudu." Aka yi noman fari, aka yi maimai, aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, barewa tana kan benci tana kurɓar shayi.

Ana gobe gwaji wani abokinsa ya dawo daga birni, ya ce ya ga filin da idonsa, faɗinsa kamar gonar gandu, kuma ba zagaye ɗaya ake yi ba. Nan take saurayi ya miƙe daga benci. Abin da ya kamata ya yi a damina guda, ya ce sai ya yi shi a wuni guda. Ya sheƙa da gudu har ƙauyen da ke gaba da su ya dawo. Ya ɗaga bulo a kangon maƙwabci. Ya yi tsallen kwaɗo a bayan gida har awaki suka daina kiwo suna kallonsa. Ya fasa ɗanyen ƙwan zabin uwarsa a madara ya shanye, wai ƙarfi yake sha. Da asuba ya tashi salla, cinyoyi suka ce ba su san zancen ba. A zaune ya yi ta. Uban yana kallonsa ta gefen ido. Shi ya shafa masa man zafi, shi ya goya shi a keke har tasha, ya kuma bi shi birnin.

A filin, samari suka jeru da farar singileti da gajeren wando. Aka auna tsayinsa, ya kai. Aka auna ƙirjinsa, ya wuce. Aka duba idonsa da ƙafafunsa, babu aibi. Har wani saje mai furfura ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai kam don aikin nan aka gina ka." Sai aka jera su a bakin layi, aka busa usur. Zuciyarsa ta yi gaba, ƙafafu suka ƙi bin ta. Gajeru suka wuce shi, sirara suka wuce shi, har wani da saurayin yake ba rata tun a firamare ya wuce shi bai ko waiwaya ba. Bai gama zagayen farko ba jijiya ta ɗaure masa a cinya, ya kife a ƙasa, baki cike da ƙura. Sajen nan ya zo ya ɗaga shi da kansa, ya ce, "Yi haƙuri, yaro, ka dawo baɗi." Bai san wannan ba shi da baɗi ba. Saurayi ya ɗingiso zuwa bakin wayar da ta kewaye filin, inda uban yake tsaye tun safe cikin rana, riƙe da rigarsa a ninke. Tsohon ya miƙa masa rigar, ya juya fuska gefe don kada ɗan ya ga idonsa. Haka suka kama hanyar gida.

Ka lura, Malam Barau, babu wanda ya zalunce shi. Ba a nemi ya san wani ba, ba a sa ɗan wani a gurbinsa ba. Ƙirar nan Allah ya ba shi, lokaci ma an ba shi damina sukutum. Kai manomi ne, ka fi ni sanin duma: in aka yanke shi sai an ƙwaƙule, an jiƙa shi ya kwana biyu ɗacin ya fita, kafin a zuba masa ruwan sha. Wanda ya yanke nasa da safen da zai kama hanya, ruwa mai ɗaci zai sha a tsakiyar daji. Jikin mutum ma haka yake.

Saboda haka gobe in ka fito masallaci, kada ka wuce ƙofar ɗakin ɗan nan naka. Buga masa, ko zai yi fushi. Gara ya yi fushin a gida da ya yi kukan a fili. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.