Mai Karɓa Na Uku

Babban Injiniya ne ya rubuta takardar korar da hannunsa, ya bar gurbin suna kawai, don kada a ce ya yanke hukunci kafin taro. Amma har mai shara ta san sunan da zai shiga gurbin.

Kamfanin nasu shi ke kai sakamakon gwajin jini daga ɗakunan gwaji zuwa wayoyin likitoci. A da, manhajar ɗakin gwaji kai tsaye take tura wa manhajar likitoci, idan ɗaya ta faɗi ɗayar ma ta bi ta. Shekara bakwai Injiniya yana tallafe da wannan tsari, yana kuma jin daɗin yadda ake kiransa a guje duk ranar da ya rushe.

Sai ga wata ma'aikaciyarsu da ake kira Anti da wani abu wai shi dillalin saƙonni. Manhajar ɗakin gwaji za ta ajiye saƙo a layi wurin dillali, injinan likitoci guda biyu su riƙa ɗauka bi da bi. Wanda ya ɗauka ya ce ya karɓa, dillali ya goge saƙon daga layi, shi ke nan.

Injiniya ya tsani abin, ya kuma fi tsanar wadda ta kawo shi. Matar da ta shekara goma tana ɗaga waya a teburin karɓar baƙi, ta je ta yi kwas na wata shida bayan mijinta ya rasu, ita ce yau za ta koya masa aiki! A bayan idonta 'Yar Kwas yake kiranta. Sau ɗaya ya taɓa dillalin nata, kafin a fara aiki da shi, ya haɗa wani ɗan shirin gwaji a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka cikin minti goma don manaja ya ga ba wani abin a zo a gani ba ne. Da ta nemi a ba kowane ma'aikaci sunansa da kalmar sirrinsa, dariya ya yi mata. Ofis mai mutum tara? Suna ɗaya ya ishi kowa.

Wata biyu da fara aiki, likitoci suka soma ƙorafi. Sakamako ɗaya cikin uku ba ya isa. Wata mai ciki ta yi kwana huɗu tana jiran nata, sai da aka sake ɗibar jininta. Asibiti mafi girma cikin masu hulɗa da su ya ce nan da Juma'a ko a gyara ko a rabu.

Injiniya ya zauna ya jera hujjoji, yana jin wani sanyi a ransa. Saƙonnin ba sa ɓata sai daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, lokacin da Anti ke kan kujerarta. Asabar da Lahadi lafiya lau. Abin da ya fi ƙona masa rai, satin da ya tafi taro ko ɗaya bai ɓata ba. Wato dai da gangan take yi, sai yana nan, don laifin ya hau kansa ita ta gaji kujerarsa.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a ɗakin taro. A babban allon bango an buɗe shafin dillali, inda ake ganin adadin masu karɓar saƙo. Biyu ya kamata a gani. Uku ne a rubuce.

"Yallaɓai, akwai na uku da ba namu ba," in ji Anti. "Yana karɓa, ya ce ya karɓa, ya zubar. Na cire shi ya fi sau ashirin, yana dawowa. A cikin ofishin nan yake, amma da yake duk suna ɗaya muke shiga da shi, ba na iya gane..."

"Ba kya iya ganewa," Injiniya ya katse ta. "Ai shi ne abin da nake faɗa tun farko."

Tun da safe ya sa aka karɓe kwamfutarta aka kashe, ga ta nan a tsakiyar tebur kamar kayan sata a gaban alƙali. Manaja ya nuna ta da biro.

"To ga tata a kashe, Injiniya, amma har yanzu uku nake gani."

"Ranka ya daɗe, ta ɓoye shi ne a wani injin. Wanda ya iya wannan aika-aika ai ya iya ɓuya. Ni dai shawarata, ko waye, ko shekararsa nawa a nan, yau ya kwashe kayansa. Kada a ji roƙo, kada a duba 'ya'ya. Rayukan mutane ne."

Ya juya kwamfutarsa ya nuna musu jadawalin awannin, layi bayan layi, minti ashirin yana magana. Anti dai ta ƙura wa allon ido, hawaye na taruwa. Injiniya ya dube ta ya ji ko ɗigon tausayi babu a ransa.

Manaja ya ja takardar gabansa, ya sauke numfashi.

"Ka tabbata, ko waye?"

"Ko waye. Ni na gama."

Ya rufe kwamfutarsa da ƙarfi, ya jingina da kujera yana murmushi. Shirun da ɗakin ya yi ne ya sa ya waiga ya bi idanunsu zuwa bango, inda uku ta koma biyu.