Motocin Tsere a Zauren Mai Goro

Tunda ka ce kana jin kunyar abin da hannunka yake so, zauna in ba ka misali. An yi wani mai sayar da goro wanda ya fara motar kara tun yana ƙarami kamar kowane yaro, sai dai sa'o'insa sun girma sun bari, shi ya ƙi bari. Daga kara ya koma gwangwanin madara da waya, yana yanka tsohon silifas ya fitar da taya. Ran da ya ga motocin tsere a talabijin, irin masu kwanciya da ƙasa kamar ƙadangare, kujera ɗaya da fiffike a baya, shi ke nan, ba a sake jin kansa ba. Motarsa ba ta wuce tsawon tafin hannu, amma sai ya auna komai da tsinke don kada taya ta fi ƙarfin jiki, kuma guda ɗaya takan cinye masa damina sukutum. Mutumin da ko da keke bai taɓa gudu ba, ga shi har furfura ta cika masa gemu yana ƙera masu gudun tsiya, ya jera su a kan katako a zaure. 'Yan unguwa kuwa, ka san bakin mutane, suka laƙaba masa Direban Gwangwani. Shi ko a jikinsa.

Ana nan sai ɗansa ya ga yarinya a wani gidan mutunci. Magana ta yi nisa, saura bincike, aka ce baffanta, dattijo mai tsauri da ya sha korar manema, zai zo da kansa ya ga gidan. Ɗan ya tsugunna ya ce, "Baba, don Allah a kwashe motocin nan a kai ciki, in ya tafi a dawo da su." Maganar ta soki tsohon, ta kuma tsorata shi, don ya san in auren nan ya lalace saboda wasansa ba zai yafe wa kansa ba. Har ya ɗauko buhu, sai ya tsaya. Ya ce wanda zai ba ka 'yarsa, gara ya gan mu yadda muke. Ya mayar da buhun, ya ɗauko tsumma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge.

Baffan ya zo, aka gaisa, aka ba shi goro, amma idonsa na kan katako. Bai taɓa masu ƙyalli ba. Wata ja ya ɗauko daga can ƙarshe, fentinta ya koɗe, an ɗaure gatarin da ke riƙe tayoyinta da sabuwar waya, fiffikenta faci ne a kan faci. Ya juya ta, ya tambaya me ya hana a yar da wannan, ga sababbi sun fi ta kyau. Mai goro ya ce, "Alhaji, ni na kawo ta. In ta karye ni ke da gyara. Tun da na fara ban taɓa yar da ko ɗaya ba." Baffan ya ajiye ta a hankali inda ya ɗauke ta, ya yi sallama. Da ya koma gida ya tara 'yan'uwa ya ce a ba yaron nan. Ya ce ya shiga gidajen da aka yi masa shimfiɗar alfarma, amma yau ya ga gidan da in abu ya samu matsala gyara shi ake yi, kuma yaron da ya tashi yana kallon wannan hannu ba zai koro musu 'ya don ta yi kuskure ba. Aka ɗaura aure. Ranar, tsohon ya zauna a zaurensa da babbar riga, motocinsa jere a bayansa, ɗansa da kansa yana nuna wa baƙi su yana cewa aikin babana ne. Hausawa dai sun gama magana: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.