Cinyar Kazata da Makiyaya

Ranar Kirsimeti da rana, a gidanmu na Kwandere, Mama ta ajiye mini cinyar kaza a kwanon samira ta rufe. Ina ta zagaya kwanon, ƙamshi na jan hancina, sai Bafulatanar da ke kawo mana nono ta yi sallama, tare da 'yarta Dije, sa'ata.

Dije ta ƙura wa sabuwar rigata ido. Ta ce, "Mama, wannan sallar taku ta mece ce?"

Na buɗe baki, don na haddace labarin a coci, amma Mama ta ce in yi shiru. Ta jawo Dije ta ɗora ta a ƙafarta, abin da ta ce ni na yi wa girma.

Ta ce, "Haihuwar Yesu muke tunawa, wanda kuke kira Annabi Isa. Mu mun gaskata kyauta ce Allah ya yi wa duniya don ya cece ta. A komin dabbobi aka kwantar da shi. Kin san su wa mala'ika ya fara gaya wa? Makiyaya. Irinku aka fara gaya wa."

Na ce, "Mu manoma fa?"

"Daga baya muka ji."

Sai ta buɗe kwanon ta miƙa wa Dije cinyar. Ni aka ba ni wuya.

Yanzu da na girma, ni ke aika wa maƙwabta shinkafar Kirsimeti da hannuna. Amma har yau, da fasto ya zo kan makiyayan nan, ba tumaki nake gani ba. Dije nake gani, baki duk maiƙo, tana tauna ƙashin kazata.